Magana Ma Magani Ce: Sabon Binciken Lafiyar Hankali da Aikin da Ke Jiran Manazartan Hausa

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, an ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata larura ta hankali, wato kimanin mutum miliyan 970 a shekarar 2019. Hukumar ta ƙara da cewa a shekarar farko ta annobar korona, ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari. A Nijeriya kuwa, ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan 200, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba. Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibitin Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ya ga fassarar waɗannan alƙaluma a layin jiran likita.

Mai karatu zai iya cewa wannan hurumin likitoci ne, me ya kawo shi mujallar nazarin Hausa? Ra'ayina shi ne binciken shekaru ashirin da suka wuce ya turo batun har ƙofar gidanmu. Mafi amfanin abin da aka gano, ga talakan ƙasashe irin namu, shi ne cewa zance mai tsari, a bakin mutumin da aka horar, cikin harshen mara lafiya, yana warkarwa, kuma an auna warkarwar. Idan magana ta zama magani, to ingancin kalmomin da ake yin ta da su ya zama batun lafiya, kuma masana harshe da adabi da al'ada ba su da uzurin zama 'yan kallo.

Abin da ɗakunan gwaji suka kawo

Ya kamata a fara da ba magungunan asibiti haƙƙinsu. A 2018 Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka buga wani babban nazari a mujallar Lancet, inda suka tattara gwaje-gwaje 522 da suka shafi mutum fiye da 116,000, a kan magungunan ciwon damuwa iri 21. Sakamakon ya nuna dukkansu sun fi ƙwayar da ba magani a cikinta aiki, ko da yake fifikon matsakaici ne a mafi yawansu. Bayan shekaru huɗu, a 2022, Joanna Moncrieff ta Landan da nata abokan aikin suka bi diddigin hujjojin wani bayani da ya daɗe yana yawo, cewa ƙarancin sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa ne ke haddasa ciwon damuwa. Suka ce ba su sami hujja tsayayya a kansa ba. An yi ta kai ruwa rana a kan hanyar da suka bi, amma hatta masu sukarsu da dama sun amsa cewa wancan bayani ya taƙaita lamarin fiye da kima. Abin da ya rage bayan ƙura ta lafa shi ne magani yana taimakon mutane da yawa, amma ciwon ya fi ƙarfin a ɗora shi a kan sinadari guda.

An kuma sami sababbin magunguna. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da esketamin, wanda ake shaƙa ta hanci, domin ciwon damuwar da ya ƙi jin sauran magunguna. A 2023 ta amince da zuranolon, ƙwaya ta farko da aka keɓe wa damuwar da ke kama mace bayan haihuwa. A watan Satumba na 2024 ta amince da Cobenfy, maganin sikizofireniya, wato taɓin hankalin da ke sa jin muryoyi da ruɗewar tunani. Shi ne na farko cikin gomman shekaru da bai bi ta hanyar toshe sinadarin dofamin kai tsaye ba. Ci gaba ne na haƙiƙa. Sai dai farashinsu da irin kulawar da suke bukata sun sa mai jego a ƙauyen Maraɗi ko Zamfara ba za ta gan su nan kusa ba. Labarin da ya shafe ta ya fito ne daga wasu wurare.

Bencin kakanni da ma'aikatan ƙauye

A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Zimbabuwe, Dixon Chibanda, ya fara wani shiri a Harare: aka ajiye bencin katako a harabar ƙananan asibitoci, aka horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiyar unguwa, waɗanda ake kira kakanni, su zauna da mai damuwa su saurare shi, su taimaka masa ya rarrabe matsalolinsa, ya zaɓi guda, ya tsara yadda zai tunkare ta. A 2016 mujallar JAMA ta buga sakamakon gwajin da aka yi wa mutum 573 a asibitoci 24. Bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka yi zama shida a bencin ne ke da sauran alamomin ciwon damuwa, alhali a rukunin da aka yi wa kulawar da aka saba, adadin ya kusan kai kashi 50.

Kafin wannan, a 2008, Atif Rahman ya buga a Lancet sakamakon wani gwaji a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, inda ma'aikatan lafiya mata suka riƙa ziyartar mata masu ciki 903 da ke fama da ciwon damuwa. Waɗanda aka yi wa zance mai tsari, kashi 23 cikin ɗari ne ciwon bai sake su ba bayan wata shida da haihuwa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53. Vikram Patel da abokan aikinsa sun sami makamancin wannan a jihar Goa ta Indiya. A kan irin waɗannan hujjoji Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina tsare-tsarenta na miƙa wani ɓangare na aikin ƙwararru ga ma'aikatan da ba likitoci ba.

Abin da ya kamata ya ja hankalinmu a labarin Zimbabuwe shi ne harshe. Ba da kalmar Turanci aka tunkari mutane ba. Mutanen Shona suna da kalmar kufungisisa, wato yawan tunani, kuma da ita suke bayyana halin da suke ciki. Tun a shekarun 1990 an tattara irin waɗannan maganganu daga bakin marasa lafiya da masu maganin gargajiya, aka gina takardar tambayoyi 14 ta auna damuwa da harshen Shona. Matakan zaman bencin ma sunayen Shona gare su, masu ma'anar buɗe tunani, da ɗaga mutum, da ƙarfafa shi. Aikin harshe ya riga aikin warkarwa, shi ya share masa hanya. A 2013 babban littafin rarrabe cututtukan hankali na likitocin Amurka, bugu na biyar, ya sa kufungisisa cikin jerin hanyoyin da al'ummu ke bayyana ƙuncinsu. Bahaushe ma yana cewa tunani ya yi wa wane yawa, har ya rame. Furucin yana nan a bakin mutane. Abin da ya rage shi ne a yi masa irin hidimar da aka yi wa takwaransa na Shona.

Talauci da damuwa, da darasi daga Nijar

Wani reshen binciken ya dubi aljihu. A 2020 mujallar Science ta buga wani nazari na Matthew Ridley da abokan aikinsa da ya nuna talauci da ciwon damuwa suna ciyar da juna: rashi yana jawo damuwa, damuwa kuma tana rage ƙarfin nema. Gwaje-gwajen ba matalauta tallafin kuɗi kai tsaye, kamar wanda aka yi a yammacin Kenya, sun nuna raguwar damuwa ba tare da an ba kowa ƙwaya ba.

Mafi kusa da mu shi ne binciken da mujallar Nature ta buga a 2022, wanda Thomas Bossuroy da abokan aikinsa suka gudanar a Jamhuriyar Nijar, tsakanin matan karkara da ke cin gajiyar shirin tallafin kuɗi na gwamnati. Duk matan da shirin gwajin ya shafa sun sami horon sana'a da ƙungiyoyin adashi. Wasu aka ƙara musu jari, wasu aka ƙara musu tallafin zuciya da zamantakewa, wasu kuma aka haɗa musu duka. Tallafin zuciyar ya ƙunshi horo kan dabarun rayuwa, da nuna wani gajeren fim cikin harsunan gida a gaban mutanen gari, sannan a tattauna a kansa. Dukkan hanyoyin sun inganta samu da kwanciyar hankalin matan, amma waɗanda suka ƙunshi tallafin zuciya ne suka fi riba idan aka auna da kuɗin da aka kashe. Fim da tattaunawar dandali kayan aikin masu nazarin adabi da wasan kwaikwayo ne. Ga shi masana tattalin arziki sun auna su da ma'auninsu, sun same su da nauyi.

Ina ciwon yake zaune a Hausa?

A kafafen yaɗa labarai yau an fi jin "lafiyar ƙwaƙwalwa" da "ciwon damuwa". Kalmomin sun yi amfani, domin sun ba mutane hanyar magana ba tare da ambaton hauka ba. Amma idan aka saurari yadda Bahaushe ke bayyana halin da yake ciki, ba kasafai ƙwaƙwalwa ke fitowa ba. Rai ne ke ɓaci. Zuciya ce ke ƙuna, ko ta karaya, ko ta yi nauyi. Hankali ne ke tashi, ya kwanta, ya gushe. Gaba ne ke faɗuwa. Ciki ne ke yin baƙi ko fari. Jiki ne ke mutuwa ko ya yi sanyi. Kowace gaɓa da irin nauyin da harshe ya ɗora mata, kuma akwai tazara tsakanin baƙin ciki da ɓacin rai, da takaici, da ƙunci, da zulumi, da fargaba, da waswasi, da jimami, da kewa.

Wannan tazara tana da sakamako a asibiti. Matar da ta ce tana da ciwon zuciya, mai yiwuwa tana nufin tsokar da ke bugawa a ƙirjinta, mai yiwuwa kuma tana nufin abin da zaman gidan miji ya tara mata. Ma'aikacin da ya ɗauki ma'ana ta farko kaɗai zai auna jininta, ya ba ta ƙwaya, ta koma gida da abin da ya kawo ta. Haka nan "damuwa" kalma ce mai faɗi ƙwarai: wanda ya rasa kuɗin mota yana cikin damuwa, wadda ta wata uku ba ta barci, ba ta cin abinci, tana jin mutuwa ta fi mata, ita ma damuwa ake cewa. Idan kalma ɗaya ta ɗauki ƙaramin abu da babba, mai babban ciwo ne ke asara, domin za a ce masa kowa ma yana da damuwa.

Takardun tambayoyin da ake auna ciwon da su, kamar mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, da Turanci aka tsara su, a kan yadda mutanen wata nahiya ke bayyana ƙuncinsu. Ana iya fassara su zuwa Hausa daidai da nahawu, a mayar da fassarar Turanci a ga ta dace, amma tambayar ta kasa taɓa wurin da ciwon yake. Tambayar da ke neman a faɗi kwana nawa cikin mako biyu aka ji kaza tana ɗauka cewa mai amsa yana lissafin halin zuciyarsa da kwanaki. Tambayar da ta shafi tunanin kashe kai kuwa, a al'ummar da ke ganin abin babban zunubi ne, kuma dokar ƙasa ta daɗe tana ɗaukar yunƙurinsa a matsayin laifi, ana bukatar gwanin harshe ya samo mata lafazin da zai bar mutum ya faɗi gaskiya ba tare da ya ji ya fita daga imani ba. Idan ma'auni ya karkace, alƙaluman da gwamnati za ta yi kasafi da su ma sun karkace.

Haƙuri, kunya da zumunci

A 2025 wani kwamiti na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da rahoton cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma hakan yana da alaƙa da mutuwar ɗaruruwan dubban mutane a kowace shekara. Da jin haka, sai wani ya ce ai mu mun tsira, muna da zumunci, da gaisuwar safe, da zaman makoki, da barka, da majalisar ƙofar gida. Lallai waɗannan dukiya ce, kuma bincike ya tabbatar da abin da kakanni suka sani, cewa zumunta a ƙafa take kuma tana riƙe rai. Amma rahoton ya nuna kaɗaici ya fi yawa a ƙasashe matalauta, da kuma tsakanin matasa. Mutum yana iya zama cikin gida mai mutum talatin ba shi da wanda zai buɗe wa cikinsa.

A nan ne nazarin al'ada ke da abin faɗa. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa haƙuri da kunya cikin siffofin da Bahaushe ke auna nagarta da su. Haƙuri garkuwa ne, ya riƙe mutane da yawa a lokacin fari da rashi da gudun hijira. Amma kalmar da ake rarrashin mai makoki da ita, ita ce kuma ake rufe bakin matar da ake zalunta da ita. Karin maganar da ke cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba tana koyar da riƙon sirri, tana kuma iya koya wa yarinya ta haɗiye abin da zai kashe ta. Shirin zance irin na Harare ba zai yi aiki a Katsina ko Damagaram ba sai an san wa ke iya faɗa wa wa me: suruka ba ta buɗe ciki ga uwar miji, ɗan fari akwai kunya tsakaninsa da iyaye, amma jika da kaka akwai wasa, haka abokan wasa da ƙawaye. Taswirar waɗannan alaƙoƙi tana cikin kundayen digiri na sassanmu, likita kuwa bai karanta su ba.

Mai magani da likita

Akwai suka mai ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma ta cancanci amsa. Za a ce wannan hanya ce ta ba talaka araha a hana shi mai kyau: masu kuɗi su ga ƙwararre, talaka a ba shi benci. Za a kuma ce yabon al'ada yana iya zama mafaka ga masu ɗaure marasa lafiya da mari. Dukkan sukar biyu suna da tushe. Zance ba ya maye gurbin magani ga mai sikizofireniya ko mai farfaɗiya, kuma shirin Harare kansa yana tura masu tsananin ciwo ga ƙwararru. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sassan Nijeriya, a cibiyoyin addini da na gargajiya, har da na gwamnati. Ba al'adar da za a kare a nan.

Bincike ya gwada hanyar tsakiya. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi, wanda Lancet ta buga a 2020, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar masu taɓin hankali fiye da 300 da ke kwance a wurin masu maganin gargajiya da na addu'a, suna aiki tare da masu wurin. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi sosai. Tunanin yana da asali a Nijeriya, domin tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abekuta. Sai dai wani gwaji da aka yi a wani sansanin addu'a a Gana, wanda aka buga a 2018, ya ba da gargaɗi: magani ya rage alamomin ciwo, amma bai rage kwanakin da mutane suka yi a ɗaure ba. Ƙwaya ta gyara abin da ke jikin mara lafiya, ta bar abin da ke cikin tunanin mai ɗaure shi. Sarƙa tana kwancewa ne idan fahimta ta sauya, fahimta kuwa da harshe ake sauya ta.

A ƙasar Hausa, mafi yawan iyalai suna fara zuwa wurin malami mai ruƙiyya ko rubutun sha, ko wurin boka, ko 'yan bori, kafin asibiti. Murray Last da Lewis Wall sun yi nazarin maganin Hausawa a yankin Malumfashi, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya yi zurfi a kan magungunan Hausa da ayyukan malaman tsibbu. Duk wanda zai gwada irin aikin Gureje a Arewa, da wannan ilimi zai shiga zauren mai magani a saurare shi.

Aikin da ke gabanmu

A farkon 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan sabuwar dokar lafiyar hankali ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Dokar ta tanadi haƙƙoƙin mara lafiya, amma haƙƙin da mai shi bai taɓa jin sa da harshensa ba yana nan a takarda kawai. Fassara ta zuwa Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, aiki ne da sashen Hausa guda zai iya kammalawa cikin zangon karatu.

Na biyu, muna bukatar taskar kalmomin ƙunci da aka tattaro daga bakin mutane: daga masu jego, da 'yan gudun hijirar da rikicin 'yan bindiga ya raba da ƙauyukansu a Zamfara da Katsina da Sakkwato, da matasan da shaye-shaye ya kama, da dattawa. A rubuta kowace kalma da muhallinta, da bambancin karin harshe tsakanin Kananci da Sakkwatanci da Hausar Nijar, da bambancin furucin maza da na mata. Daga wannan taska ne za a gina ma'auni na Hausa tare da likitoci, kamar yadda aka yi da Shona. Irin wannan aiki yana bukatar izinin waɗanda ake tambaya, da sirranta sunayensu, da sanin inda za a tura wanda aka tarar yana cikin haɗari.

Na uku, a dubi adabi da idon wannan tambaya. Littattafan marubuta mata na Kano, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon raini, cike suke da bayanin ƙuncin zuciyar mace a gidan aure, cikin kalmomin da masu karatu suka amince da su. Finafinan Kannywood kuma sun sha nuna mahaukaci a matsayin abin dariya ko wanda aka yi wa asiri, kuma abin da ake gani kullum yana zama abin da aka yarda da shi. Manazarci yana iya auna wannan, ya kuma zauna da marubuta da masu shirya fim.

Na huɗu, a daidaita kalmomin fannin. A yanzu kowane gidan rediyo da kowace ƙungiya da nata fassarar. Zama ɗaya tsakanin masana harshe da likitocin Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zai iya fitar da jerin kalmomin da suka bambance damuwar yau da kullum da ciwon da ke bukatar asibiti.

Bahaushe ya riga ya ba lafiyar hankali suna mai kyau tun kafin a kafa fannin: kwanciyar hankali. A gaisuwarsa yana tambayar gajiya, da iyali, da aiki, da "ya ya muka ji da haƙuri". Binciken Harare da Rawalpindi da Ibadan da karkarar Nijar ya nuna cewa idan aka ba irin wannan tambaya tsari, aka horar da mai yin ta, aka haɗa ta da asibiti, tana rage ciwo gwargwadon da za a iya aunawa. Likitoci 300 ba za su iya sauraron mutum miliyan 200 ba. Waɗanda za su saurara su ne ma'aikatan lafiyar unguwa da ungozomomi da malaman makaranta, kuma da Hausa za su yi. Kalmomin da za a sa a bakinsu, ko dai mu tattaro su mu tace su, ko kuma a fassaro musu su cikin gaggawa daga wani harshe.